Tarihin Sarki Rudolf Duala Manga Bell da Asalin Unguwarmu ta New Bell

Gabatarwa

 Malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, a ɗan littafinmu na bana mun ga ya dace mu kawo tarihin wani sarki wanda kullum muke ambaton sunan gidansu ba tare da mun lura ba. Yawancinmu a New Bell aka haife mu, a nan muke karatu, a nan iyayenmu ke kasuwanci. To amma da za a tare ɗayanmu a hanya a ce masa mene ne Bell ɗin, kuma me ya sa aka ce sabuwa, da wuya ya iya amsawa. Bell sunan gidan sarauta ne na mutanen Duwala, kuma unguwar nan ta samo asali ne daga rikicin ƙasa wanda ya ci ran sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, a shekarar 1914. Shi ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba ne, Kirista ne. Duk da haka tarihinsa ya shafe mu kai tsaye, domin a kan ƙasar da ya yi jayayya a kanta muke kwana muke tashi.

Mutanen kogi

Kafin a san sarkin, sai an san mutanensa. Mutanen Duwala mutanen ruwa ne, mazauna bakin kogin Wuri. Turawan Fotugal da suka fara shigowa kogin sun tarar da jatan lande da yawa a cikinsa, sai suka kira shi kogin jatan lande da harshensu, daga wannan kalmar ne sunan Kamaru ya fito. Garin ya kasu gida-gida: akwai Bell a Bonanjo, akwai Akwa, akwai Deido, sannan Bonaberi a tsallaken kogi. Kowane gida da sarkinsa, kuma gasa tsakanin Bell da Akwa tsohuwa ce.

Abin da jaki da raƙumi suke ga fatakenmu na da, shi kwalekwale yake ga mutumin Duwala. Jiragen ruwan Turawa sukan tsaya a bakin kogi, ba sa shiga cikin ƙasa. 'Yan Duwala ne ke karɓar gishiri, yadi, bindigogi da albarushi, su loda a manyan kwalekwale masu matuƙa da yawa, su haura kogunan Wuri da Mungo da Dibamba, su dawo da manja, ƙwarar manja da hauren giwa. Kafin wannan zamanin har da bayi ake fitarwa ta nan. Wato dai su ne dillalai tsakanin Bature da mutanen cikin daji, kuma duk arzikin sarakunansu a kan wannan dillancin ya tsaya. Wanda ya raba su da bakin ruwa ya raba su da abincinsu. A riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Haihuwarsa da yarjejeniyar kakansa

An haifi Rudolf a Duwala a shekarar 1873. Mahaifinsa shi ne Manga Ndumbe Bell, kakansa kuma Ndumbe Lobe Bell, wanda Turawa ke kira Sarki Bell. Yana ɗan shekara 11, ranar 12 ga Yuli 1884, kakansa da Sarkin Akwa da wasu manya suka sa hannu a yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus guda biyu, Woermann da Jantzen & Thormählen. Bayan kwana biyu wakilin gwamnatin Jamus, Gustav Nachtigal, ya kafa tutar ƙasarsa. Jakadan Ingila mai suna Hewett ya iso bayan 'yan kwanaki, ya tarar an riga an gama.

A cikin takardar, sarakunan sun miƙa ikon mulki da shari'a ga Jamusawa, amma sun gindaya sharuɗɗa. Mafi girma shi ne cewa gonakin da suke nomawa da filayen da garuruwansu ke kai za su ci gaba da zama mallakarsu da ta magadansu. Ba kowa ya yarda da yarjejeniyar ba. Lock Priso na Bonaberi ya ƙi, kuma a watan Disamba na wannan shekarar jiragen yaƙin Jamus biyu, Bismarck da Olga, suka zo aka yi wa garinsa ruwan wuta aka ƙone shi. Yaro Rudolf ya tashi ne yana ganin abu biyu: takardar da kakansa ya sa wa hannu, da igwar da ke bayan takardar.

Karatunsa a Jamus

A 1891 aka tura shi Jamus karatu. Ya fara zama a garin Aalen a gidan wani malamin makaranta, daga baya ya koma Ulm ya ci gaba. Ya yi kusan shekara shida a can. Ya iya Jamusanci kamar ɗan ƙasa, ya san yadda kotunansu da majalisarsu ke aiki, ya kuma ga cewa a can ƙasarsu ko sarki ba ya ƙwace gonar talaka haka kawai ba da doka ba. Wannan abin ya zauna masa a zuciya. Ya dawo gida yana ganin cewa Jamusawa mutane ne masu bin doka, idan wani jami'i ya yi zalunci a Kamaru, to, laifin jami'in ne, kuma in aka kai ƙara Balin za a gyara.

Bayan dawowarsa ya auri Emily Engome Dayas, suka haifi ɗansu Alexandre a 1897, shekarar da kakansa ya rasu mahaifinsa ya hau gado. A 1902 ya raka mahaifinsa Jamus domin kai kukan mutanensu game da mulkin Gwamna Jesko von Puttkamer, wanda ya yi suna wajen bulala da aikin tilas. A zamanin mahaifin ne aka gina gidan sarautar nan na Bonanjo da ake kira La Pagode, wanda har yau yana nan tsaye, duk mai wucewa yana ganinsa.

Sarautarsa

Mahaifinsa ya rasu a watan Satumba 1908, Rudolf ya gaje shi, aka yi bikin naɗinsa na gargajiya a 1910. Ya gaji gonakin koko a kwarin Mungo, da gidaje a gari, da kujerar alƙalanci a kotun 'yan ƙasa, ya kuma gaji bashi mai nauyi. Yana karɓar albashi daga gwamnatin Jamus. Gaskiyar magana, a farkon sarautarsa ba ɗan tawaye ba ne ko kaɗan. Mutumin gwamnati ne, yana yi musu aiki, suna ganinsa a matsayin nasu.

A wannan lokacin garin yana canzawa da sauri. Jamusawa sun riga sun karya dillancin 'yan Duwala, sun kutsa cikin ƙasa da sojoji, har sun ci Tibati a 1899, Ngaundere a 1901, suka karya rundunar Lamido Zubairu kusa da Marwa a 1902. A shekarun nan ne fataken Hausawa suka ƙara gangarowa kudu ta Yoko da Yawunde suna neman hauren giwa, roba da goro, har suka iso bakin teku. Sai kuma ga jirgin ƙasa. Layin arewa ya tashi daga Bonaberi zuwa Nkongsamba, kilomita 160, aka buɗe shi a 1911. Layin tsakiya ya tashi daga Duwala ya haye kogin Dibamba a Japoma, ya haye Sanaga a Edea, ya doshi Eseka. Abin da kwalekwale ke yi a kwanaki, jirgi ya koma yi a wuni guda. Tashar jiragen ruwa tana buƙatar faɗaɗawa, kamfanoni suna son wuraren ajiye kaya, filin bakin kogi ya zama zinariya. Filin kuwa na 'yan Duwala ne, da takardarsu a hannu.

Shirin tashin gari

A 1910 aka fito da shiri, wanda jami'in mulkin Duwala, Hermann Röhm, ya fi kowa tura shi. Za a ƙwace hekta 903 na bakin kogi, a kwashe 'yan ƙasa kusan 20,000 a mai da su ciki, a bar bakin ruwa ga Turawa waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tsakanin garin Turawa da na baƙaƙe za a bar fili mai faɗin kilomita 1 wanda ba mai gini a cikinsa. Sababbin matsugunan aka raɗa musu Sabuwar Bell, Sabuwar Akwa da Sabuwar Deido. To, ka ji inda sunan unguwarmu ya fito.

Hujjar da aka bayar wai ta lafiya ce. Likitocin gwamnati suka ce zazzaɓin cizon sauro daga jikin baƙaƙe yake zuwa ga Turawa, don haka a raba su. Amma kowa ya san masu dafa wa Bature abinci da masu yi masa wanki a gidansa za su ci gaba da wuni, kuma sauro bai san iyakar da aka zana a taswira ba. Diyyar da aka yanka ita ce fenik 40 a kan kowace murabba'in mita, kuɗin da bai kai kusa da abin da kamfanoni ke biya ba. Wurin da za a kai su kuwa fadama ce mai nisa da kogi. Mu da muke zaune a cikinta, muka san yadda ruwa ke shiga ɗakuna a watan Yuli da Agusta, ba sai an yi mana bayani ba. Masunci da mai kwalekwale kuma, in aka kai shi nan, me zai ci?

Yaƙin alƙalami

A nan ne Manga Bell ya rabu da iyayen gidansa. Bai ɗauki bindiga ba. Ya ɗauki abin da suka koya masa, wato harshensu da dokarsu. A watan Nuwamba 1911 shi da sauran sarakuna suka aika ƙorafi zuwa majalisar dokokin Jamus, suka sake aikawa a 1912. Hujjarsa ɗaya ce, bai taɓa sauya ta ba: yarjejeniyar 1884 ta bar wa 'yan Duwala ƙasarsu, kuma wanda ya karya sharaɗi ɗaya ya rushe yarjejeniyar duka, har da ikon mulkin da ta ba shi. Wani abin mamaki shi ne, gidajen Bell, Akwa, Deido da Bonaberi, waɗanda suka daɗe ba sa ga maciji, suka haɗa kai a bayansa. 

Ranar 15 ga Janairu 1913 aka zartar da dokar ƙwace filin. Wayar tangaraho da ya buga zuwa majalisa a kan maganar, jami'an mulki suka riƙe ta kwanaki, sai da aikin gama ya gama. Ranar 4 ga Agusta 1913 Gwamna Karl Ebermaier ya sa aka tuɓe shi daga sarauta, albashinsa ya tsaya. Ministan mulkin mallaka, Wilhelm Solf, ya zo Duwala da kansa a wannan shekarar, ya saurari sarakuna, bai canza komai ba. Aka fara rushe gidaje a Bonanjo.

Da aka hana su tafiya Jamus, sai sakatarensa, wani saurayi mai suna Adolf Ngoso Din, ya sulale a ɓoye ya shiga jirgin ruwa. A Balin ya sami lauya mai suna Halpert da ɗan jarida Hellmut von Gerlach, suka fasa maganar a jaridu. A watan Maris 1914 kwamitin kasafin kuɗi na majalisa ya dakatar da kuɗin aikin, ya nemi a yi masa bayani. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce: baƙin mutum daga bakin kogin Wuri ya tsayar da gwamnati a cikin majalisarta, da harshenta. Daga ranar nan jami'an mulki suka gane cewa muddin ana maganar fili da yarjejeniya, ba za su yi nasara ba. Sai an canza maganar.

Saƙon Fumban

A watan Afrilu 1914 wani mutum ya isa Fumban, fadar Sarkin Bamun Ibrahim Njoya, wanda ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu nasu na kansu. Mutumin ya ce shi manzon Manga Bell ne, kuma saƙonsa shi ne a haɗa kai a juya wa Jamus baya a nemi taimakon Ingila. Njoya yana zaman lafiya da Jamusawa, har ya taɓa aika wa sarkinsu kyautar gadon sarauta a 1908. Ya sanar da 'yan mishan da ke garinsa, labari ya isa ga gwamnati. Abin nema ya samu. Nan take aka daina maganar fili, aka koma maganar cin amanar ƙasa. Majalisa ta saki kuɗin da ta riƙe. A watan Mayu aka kama Manga Bell, aka kama Ngoso Din a Jamus aka sa shi a jirgi aka dawo da shi.

Mutane da yawa idan suka zo nan sai su ɗora laifin duka a kan Njoya. Mu dai mun ga cewa wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Njoya sarki ne mai mutane a wuyansa, ya ga abin da ya sami Tibati da Marwa, kuma baƙon da ya zo masa da irin wannan magana yana iya zama tarko. Wanda ya karya alƙawari, ya riƙe waya, ya ɗaura igiya, ba a Fumban yake ba. Njoyan ma biyayyarsa ba ta cece shi ba daga baya, domin Faransawa sun raba shi da ikonsa, suka kai shi Yawunde a 1931, a can ya rasu a 1933.

Shari'a da kisa

Yana tsare ana shirin shari'a, manyan lauyoyi daga Jamus, Hugo Haase da Paul Levi, suna shirin kare shi, sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a farkon Agusta 1914. Hanyar teku ta rufe. Ranar 7 ga Agusta aka gurfanar da shi da Ngoso Din, aka gama shari'ar a rana ɗaya, aka yanke musu hukuncin kisa. Takardun zaman kotun ma ba su wanzu ba. Shugabannin mishan, har da Bishop Heinrich Vieter na Katolika, sun roƙi gwamna ya sassauta, ya ƙi.

Mutanen Duwala suna ba da labari cewa a daren ƙarshe an bar shi ya je ya yi bankwana da iyalinsa, aka ba shi shawarar ya gudu ta ruwa, ya ƙi, domin ya san a kan mutanensa za a huce. Ya koma da ƙafarsa. Ranar 8 ga Agusta 1914 da yamma aka rataye su biyun a harabar ofishin 'yan sanda na Bonanjo. Yana da shekara 41. A wannan ranar kuma aka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa bisa irin wannan tuhumar.

Abin da ya biyo baya

Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere. Jamusawa sun nutsar da jiragen ruwa a mashigar Wuri domin toshe hanya, amma 'yan Duwala da suka san kowane lungu na kogin suka nuna wa jiragen Ingila hanya. Ranar 27 ga Satumba 1914, kwana 50 bayan kisan, Duwala ta faɗa hannun rundunar Ingila da Faransa ƙarƙashin Janar Charles Dobell, kuma cikin sojojin da Ingila ta kawo daga Najeriya akwai Hausawa da yawa. Jamusawa suka ja da baya ta layin dogon da suka shimfiɗa, suna fasa gadar Japoma a bayansu. Edea ta faɗi a watan Oktoba, Garwa a watan Yuni 1915, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Na ƙarshensu su ne waɗanda suka maƙale a kan dutsen Mora, suka miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu 1916.

Sai dai tafiyar Jamus ba ta dawo da ƙasar ba. Faransawa da suka gaje su sun riƙe Bonanjo a matsayin unguwar gwamnati. Mutanen gidan Bell ba su yarda sun tare a New Bell ba, daga baya suka zauna a Bali, kusa da tsohon garinsu. Wurin da aka tanadar musu sai ya cika da baƙi: 'yan dako na tashar jiragen ruwa, ma'aikatan jirgin ƙasa, Basa, Ewondo, Bamileke, mutanen Togo da Dahome da Najeriya, da kakanninmu fatake da mahauta da malamai. Kowace ƙabila ta kama ɓangarenta da shugabanta, shi ya sa har yau ake cewa New Bell ta Hausawa, ta Bamileke, ta Basa. Layin dogon nan da ya ɗaga darajar filin ya isa Yawunde a 1927, ya isa Ngaundere a 1974, ya haɗa mu da arewa.

Mutanensa ba su manta da shi ba. Suna kiransa Tet'Ekombo, wato uban ƙasa, suna tunawa da shi duk ranar 8 ga Agusta. A 1936 aka kafa masa hasumiyar tunawa a Bonanjo kusa da La Pagode. Ɗansa Alexandre ya zama wakilin Kamaru a majalisar Faransa daga 1945. A 2022 birnin Ulm inda ya yi karatu ya sa wa wani dandali sunansa, kuma a Balin aka cire sunan Nachtigal daga wani dandali aka maye gurbinsa da na Manga Bell.

Darussa

Na farko, alƙawari kaya ne. Jamus tana da jiragen yaƙi da igwa, shi kuma takarda ɗaya gare shi mai shekara 30, amma sai da suka bar maganar takardar suka ƙirƙiro wata tuhuma kafin su iya da shi. Iyayenmu da yawa a unguwar nan suna zaune a filayen da aka saya da baki ko da 'yar guntuwar takarda. Mu da muka yi karatu, aikinmu ne mu taimaka a rubuta, a sa shaidu, a adana.

Na biyu, sanin harshen hukuma makami ne. Da bai iya Jamusanci ba, da kukansa bai wuce bakin kogi ba. Muna koyon Larabci, kuma wannan alheri ne babba, amma kada ɗayanmu ya raina Faransanci da Turanci, domin da su ake rubuta takardar fili da ta kotu a ƙasar nan.

Na uku, mu san haƙƙin masu gari. Unguwar da ta zama mana rufin asiri, ga wasu hawaye ce. Idan muka haɗu da ɗan Duwala a Kasuwar Kongo ko a cikin mota, mu tuna cewa kakanninsa sun rasa bakin kogi da sarkinsu kafin a sami wurin da muka kafa masallatanmu da makarantunmu.

Muna roƙon malamanmu, in hali ya yi, a shirya wa ɗalibai ziyara zuwa Bonanjo a ga La Pagode da hasumiyar da ido, tunda tafiyar ba ta da nisa.